Idona Na Arewa

Lahadi, bayan la'asar

Raishatu ta tafi ranar Alhamis. Yayanta Rissa ne ya zo da babur ya ɗauke ta. Ƙunshin zannuwa kawai ta riƙe, da ƙaramar butar shayinta.

Na ce bari in rubuta abin daki-daki, yadda nake rubuta rahoto a sarbis ɗin noma, ma'aikatarmu, ko Allah ya sa in ga inda igiyar ta tsinke.

Ta je suna Ollelewa, ta yi ƴan kwanaki. Tana can Manzo magini ya ce min falon da nake son ƙarawa a gaban sabon ɗakin siminti ba zai samu fili ba sai an ɗauke ɗakin tabarmarta daga tsakar gida. Ɗakin nan da shi ta zo ranar aurenmu, shekara goma sha biyu ke nan, irin na mutanensu makiyaya: tabarmin kaba, lanƙwasassun sanduna, da gadon itace da ake harhaɗawa. Na sa aka kwance shi. A hankali aka kwance, ina tsaye a kai, ko tabarma ɗaya ba ta yage ba. Da hannuna na naɗe. Akwai wani ɗan abu da ke rataye a jikin sanda, na naɗe shi cikin tabarma ban duba ba. Da na ga babu inda zan ajiye kayan da gara ba za ta ci su ba, sai na ɗora su a motar kasuwa, na aika wa mahaifiyarta a zangonsu da ke bayan Belbeji, ta adana mana.

Iyakar abin da na yi ke nan.

Ta dawo ranar Laraba, ta tsaya a tsakar gida tana kallon ramukan sanduna. Na ce, "Sannu da hanya. Zo ki ga inda falo zai zauna." A gidan Yagana maƙwabciyarmu ta kwana.

Litinin, da hantsi

Ina goge takalmi Yagana ta leƙo ta katanga. Mushe take kirana kamar kowa, laƙabin Faransanci da ake yi wa ma'aikaci.

"Mushe Habibu, an tashi lafiya? Ya gwauranci?"

Na ce ban san da wani gwauranci ba, matata ta je ganin gida ne.

"Ganin gida! Bayan ka riga ka aika ɗakinta? Ai a wurinsu in ɗakin mace ya koma hannun uwarta, zance ya ƙare."

Na ce ajiya na kai.

"To ita ma ta bi shi ajiyar. Allah ya tsare su daga gara."

Na sani ko ban sani ba? Tun safe nake juya wannan. A wurinmu can Falanko mace ce ke shiga ɗakin miji. A wurinsu namiji ne ke shiga ɗakin mace, shi ne baƙo. Da kalma ɗaya ma suke kiran ɗakin da auren, ehan. Ita da kanta ta faɗa min a shekarar farko, tana dariya, ta ce in yi hankali kada mai gida ta kore ni. Ke nan na sani. Amma ranar da nake naɗe tabarmin nan ban tuna ba.

Ina jin ban tuna ba.

Talata, bayan azahar

Na tsaya bayan salla na yi wa liman bayani. Ya tambaye ni ko na furta saki, na ce a'a. Ko na rubuta, na ce a'a. Ko na yi nufi a zuciyata. Nan na yi jim, har ya ɗago kai ya dube ni. Na ce a'a.

Ya ce, "To aurenka na nan, ko igiya ɗaya ba ta tsinke ba. Amma Habibu, ni hukunci na sani. Hukunci kuwa ba ya hawa babur ya je Belbeji."

Me ya sa na yi jim? Ban yi nufin saki ba, Allah ne shaidata. Ɗakin ne dai ba na son gani. Wannan dabam, wancan dabam.

Laraba, da safe

Wayarta a kashe.

Laraba, bayan magariba

Na kira Rissa, ya ɗauka. Mun yi gaisuwa doguwa wadda babu kome a cikinta. Dabbobi lafiya, tsohuwa lafiya, zafi da godiya.

Na ce, "Raishatu fa?"

"Tana cikin ɗakinta."

Ashe sun kafa shi.

Na ce ina son in zo biko. Ya yi ƴar dariya ta hanci.

"Biko, Mushe? Wadda ta yi yaji ake bi. Ita ba yaji ta yi ba, aiko ta ka yi a motar kasuwa, tare da buhunan albasa."

Na ce kuskure ne. Ya ce ya ji, amma tsohuwa ba ta ji ba. Ya ce kada in kuskura in zo sai ita Raishatu ta kira ni da bakinta. In na zo ba a kira ni ba, tsohuwa za ta tara maza a yanke magana a gabana, kuma abin da aka yanke a gaban maza ba ya ɗinkuwa.

Sannan ya ce, "Ka kuma sani, ran da ruwa ya sauka manoma suka fita shuka, mu mun ɗaure kaya. Arewa za mu yi da dabbobi, sai kaka. Tsohuwa ta ce da ƴarta za ta tafi."

Na tambaye shi ita Raishatu me ta ce. Rezo ya ɗauke, layin waya ya yanke. Ko shi ya kashe.

Juma'a, bayan saukowa daga masallaci

An yi roƙon ruwa. Gari duka ya fita, har da mutanen ƙauyuka. Ƙasa ta yi zafi har ana ɗaga ƙafa. Tsofaffi na kuka.

Duk makon nan manoma na zuwa biro, wato ofishinmu, karɓar irin gero, kowa ya karɓa sai ya ce, "Mushe, yaushe ruwa?" kamar a aljihuna yake. Ni kuma in ce ya kusa in Allah ya yarda. Aikina ke nan, in so ruwa.

Yau liman na addu'a, sahu duka na cewa amin, ni bakina ya yi nauyi. Na ɗaga hannu kamar kowa. Na faɗa daga baya, a hankali, bayan kowa ya gama. Allah ya yafe min. Yaya mutum zai tsaya tsakanin mayunwata yana fatan sama ta ƙara haƙuri?

Asabar, da hantsi

Saƙon murya ya shigo daga wayar Rissa. Na zaci shi ne. Ita ce.

Ba gaisuwa, ba magana. Waƙa ta yi. Tsohuwar waƙar matan karkara ce, na sha jin ta a bakin rijiya da wurin daka, da harshensu da kuma da Hausa. Ita ma takan yi ta in tana tankaɗe. Ban taɓa tsayawa na saurari kalmomin ba. Da Hausa ta yi min, don kada in ce ban gane ba. Na saurara har na rubuta:

Mai gidan siminti, riƙe gidanka,
ƙofar ƙarfe ba ta amsa sallama.
Mai zinariya, riƙe zinariyarka,
ba a dama ta a sha da bazara.
Tabarma ta ishe ni, da nonon akuya ɗaya,
in dai arewa ba ta zama kufai ba.
Idona na arewa, ya ku mata,
idona na arewa har ruwa ya sauka.

A bayan muryarta ana jin iska, da ɗan akuya na kuka.

Asabar, bayan la'asar

Na bi ta layi-layi.

Mai gidan siminti ni ne, wannan ba ya bukatar malami. Ƙofar ƙarfe ma ni na saya, daga Damagaram aka kawo ta. Ke nan ta ce in riƙe gidana. In riƙe, wato ba ta so. Ba ta son gidan, ko ba ta son mai gidan? Waƙar ba ta raba ba.

Tabarma da nonon akuya na gane. Ana nufin mace ta fi son zama da wanda take so a kan tabarma da ta zauna a kan katifa ita kaɗai. Duk waƙoƙin karkara haka suke cewa, mai yin waƙa ba ya rasa raina abin da ba shi da shi. Amma wane ne wanda ake so ɗin? Babu sunansa. Babu ko "kai" a cikin waƙar, sai wanda aka ce ya riƙe kayansa.

Sai arewa. Sau uku ta ambace ta. Rissa ya ce arewa za su yi in ruwa ya sauka. Ita kuma ta ce idonta na arewa har ruwa ya sauka. Ai magana ta fito: ta ƙosa ruwa ya zo su tafi.

Sallama ce ta yi min. Da waƙa, don ta fi ni kunya.

Amma in sallama ce, me ya sa muryarta ta yi haka a layi na shida?

Lahadi, da safe

Ban je ko'ina ba. Na saurara. Na sa waya a caji. Na saurara.

Litinin, da yamma

Yagana ta dawo daga kasuwar Belbeji inda take kai turaren wuta. Ba ta ko sauke kaya ba ta leƙo.

"Mushe, albishirinka. A'a, ba albishir ba ne, riƙe goronka. Ka san Almustafa?"

Na san shi. Ɗan kawun Raishatu ne, shi aka so a ba tun kafin ni. Ya yi shekaru a wuraren haƙar zinariya can arewa.

"Ya dawo. Da mota fara, mai hanci kamar na sa. An ce kullum tana tsaye a zangon surukarka, yara na leƙa madubi. Buhun sukari ya kai wa tsohuwa, da shayi kwali guda."

Na ce ai ɗan'uwansu ne.

"Ɗan'uwa, ƙwarai. Ni ma mijina na fari ɗan'uwana ne."

Na kunna mata waƙar, ban san me ya sa ba. Ta saurara da kai a karkace, ta ce muryar ta rame. Na ce me ta fahimta da arewa. Ta ce ita Babarbariya ce, gabas ta sani, in tambaye ta gabas.

Yanzu ga mai zinariya ya samu suna. To amma shi ma an ce ya riƙe zinariyarsa. In ta ƙi ni ta ƙi shi, wa ke arewa? Ko kuwa layin nan na kunya ne kawai, irin na mace da ke cewa ba ta so alhali an riga an shimfiɗa tabarma? Daga arewa ya zo. Arewa zai koma.

Na ƙi wannan fassarar. Na rubuta ta ne don kada in ce ban yi adalci ba.

Talata, da azahar

Na sa Manzo ya shafa wa ƙofa shuɗin fenti. Na ɗauki hoton ɗakin ta waje da ta ciki: daɓen siminti, rufin kwano, taga mai raga, gurbin da fanka za ta zauna. Na aika wa Rissa, na bi da murya. Na ce ya nuna mata. Na ce ya gaya mata ba ya yoyo. Na ce ta dubi tagar da kyau, raga ce mai ƙananan ido, sauro ba ya shiga. Ko ɗaya ba ya shiga.

Tunanina shi ne, wataƙila ta raina shi ne don ba ta gan shi a gyare ba.

Talata, bayan isha'i

Mace ta ce maka ƙofar ƙarfe ba ta amsa sallama, kai kuma ka shafa wa ƙofar fenti ka aika mata. Habibu, anya kuwa?

Laraba, da hantsi

Amsa ta zo. Rissa ya fara: "Ta gani." Sai muryarta. Layi biyu na ƙarshe kawai ta maimaita. Idona na arewa, ya ku mata. A na biyun ba ta kai "sauka" ba, ta tsaya, aka yanke.

Alhamis, da sassafe

Akwai fassara ta uku. Tun ranar Asabar na gan ta, na ƙi rubutawa.

A arewacin unguwarmu, bayan filin ƙwallo, akwai maƙabarta, wurin da ba na bi. Damina biyu ke nan ina zagayawa ta bakin tasha in zan je biro, ko da ya fi nisa. Raishatu ba ta taɓa tambayata dalili ba. Ni ma ban taɓa tambayarta me ya sa in ta idar da salla takan juya hagu ta daɗe ba.

Tun daminar da zazzaɓin sauro ya kai ƴarmu can ba ta ƙara kirana Baban Mairama ba. Ba ta kirana da kome. Sai ta jira in juyo.

In can idonta yake, to ba Almustafa ba ne abin tsoro.

Alhamis, da azahar

Na kira Rissa. Na ce tana cin abinci?

Ya ce, "Kamar tsuntsu."

Na ce kada a bar ta ita kaɗai. Na ce kada a bar ta ta je rijiya ita kaɗai.

"Mushe, me kake nufi?"

Na ce ba kome.

"Ƙanwata Musulma ce, ka ji ko? Ka iya bakinka." Ya numfasa. "Ba ta ma fita. Tana zaune a ɗaki kamar mai jiran baƙo. Almustafa ya yi sallama har ya gaji, ta ce tana da ciwon kai."

Na ce wane baƙo?

"Ni na sani? Kai ne mai karatun waƙa."

Na ce ko in zo? Ya ce, "Ta kira ka?" Na ce ban sani ba. Ya ce to shi ma bai sani ba.

Juma'a, da la'asar

Hadari ya haɗu a gabas, baƙi ƙirin. Iska ta taso ta kwashe rumfunan kasuwa. Yara na ta ihu a titi suna kiran ruwa. Na tsaya a ƙofar biro ina kallo.

Ya watse. Ko ɗigo.

Wani tsoho daga Falanko da ya zo karɓar iri ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da hula. Ni kuwa na ji sanyi a raina. Allah ya gani.

Asabar, da safe

Ba saƙo.

Lahadi, da safe

Ba saƙo. An ce an yi ruwa a kudu, wajen Bakin Birji. Yana matsowa.

Litinin, da hantsi

Bari in rubuta yadda ya faru.

Manzo ya zo da sassafe da igiyarsa da turakunsa. Ya ce yau zai ja layin falo, gobe a haƙa, a zuba siminti kafin ruwa ya ɓata masa yashi. Na ce to. Ya shiga auna wajen ƙofa.

Ni kuma na tsaya a inda ɗakin tabarma yake a da. Ramukan sanduna na nan, iska ba ta gama cike su ba. Har sawun ƙafafun gado ana gani. Ban san abin da ya kai ni ba, sai na ga na zauna a ƙasa, na miƙe a daidai inda nake kwanciya. Jiki bai manta ba. Ga inda kaina yake, ga inda takan ajiye butar ruwa, ga inda ƴar shimfiɗar take a tsakaninmu.

Manzo ya zo da igiya a hannu, ya tsaya a kaina.

"Mushe, lafiya? In barci ne ga ɗaki can ka kashe wa dukiya. Tashi min, ka kwanta a kan layin bangon arewa."

Na ce me ka ce?

"Na ce nan ne arewa. Ko ita ma sai an kawo takarda daga biro?"

Ban tashi ba. Na dubi gabas inda muke fuskanta in za mu yi salla, na dubi inda nake kwance. Arewa.

Sai ranar aurenmu ta dawo min. An kai ni ɗakin nan a zangonsu, na zauna a gefen gado da na ga dama. Wata gwaggonta ta kama min kunne ta zagaya da ni ɗaya gefen, mata na ta shewa. Ta ce, "Bahaushe, nan ne wurinka. Namiji arewa yake kwana, mace kudu. Abin da duk zai fito daga daji ta arewa yake zuwa, kai zai fara tararwa." Na yi dariya a lokacin. Shekara goma ina kwana a nan ban ƙara tunawa da sunan wurin ba.

Shekara goma, na ce. Ba goma sha biyu ba.

Tun daminar nan ban ƙara kwana a ɗakin ba. Na ce zafi, na koma zaure. Da aka fara gini na ce gadin siminti nake. Da aka yi rufi na ce ina gwada ɗakin ne. Kullum da dalilina, kuma kowane dalili na da kyau. Ita kuwa tana kudu, ita kaɗai, damina biyu, gefen nan babu kowa.

In dai arewa ba ta zama kufai ba.

Ba Almustafa ba ne. Ba tafiya ba ce. Ba bayan filin ƙwallo ba ne. Tun ranar Asabar waccan ta kira ni da bakinta, ta ma faɗa min ranar da za ta daina jira.

Ko kuwa na sake yin kuskure? In na je alhali ba kira ba ne, tsohuwa za ta tara maza. Na juya wannan ma. Amma wannan karon ba kaina ne ya fassara ba, bayana ne da ke kan ƙasa.

Na ce wa Manzo ya naɗe igiyarsa. Kada ya haƙa, kada ya zuba kome, kada ya taɓa ramukan nan. Ya ce yashinsa fa? Na ce ruwa ya ci.

Litinin, bayan la'asar, a hanya

Ban samu mota ba sai bayan azahar. Muna tsakiyar hanya ya sauko. Ba yayyafi ba, ruwa na sosai, irin wanda ake shuka da shi. Mutanen cikin mota na ta hamdala, wata tsohuwa ta miƙa hannu waje ta shafa a fuska.

Yanzu muna tsaye a bakin wani kwari da ya cika, direba ya ce sai ya janye. Wayar Rissa ba ta shiga.

Har ruwa ya sauka, ta ce. Ya sauka.

Na ce amin, wannan karon da ƙarfi. Ban san ko ya makara ba.

Talata, da yamma

A Belbeji na kwana, a rumfar tasha. Gari na wayewa na samu mai babur. Duk hanya mutane ne a gonaki, maza na sara, mata da yara na bi suna zuba iri.

Mun tarar da zango an tashe shi. Jakuna da raƙuma an ɗora musu kaya, awaki har sun yi gaba. Inda ɗakuna suke sai busassun da'irori a kan jiƙaƙƙen yashi. Farar mota na gefe. Ɗaki ɗaya ne kawai a tsaye. Na san tabarmin, ni na naɗe su.

Rissa ya taro ni, rawaninsa a jiƙe.

"Wa ya kira ka?"

Na ce ita.

"Yaushe?"

Na ce tun ranar da ta yi waƙa, ni ne ban ji ba.

Ya dube ni ya daɗe. "Tun asuba muke fama da ita. Ta ce ba mai taɓa mata sanda. Tsohuwa har ta yi rantsuwa ta warware."

Tsohuwar na zaune a kan wani ƙunshi, ta juya min baya yadda suruka ke yi a wurinsu. Na durƙusa daga nesa na gaishe ta. Ba ta amsa min ba, Rissa ta yi wa magana da ƙarfi: "Gaya wa baƙon can rana na yi. In da abin da ya kawo shi ya yi, in babu ga maza nan ba su watse ba."

Na je bakin ɗakin na yi sallama. Shiru. Na sake. Sai na ji an amsa, can ƙasa-ƙasa.

Na cire takalmi na sunkuya na shiga. Tana zaune a kan gado ta gefen kudu, ta rame ƙwarai. Ɗaya gefen an kakkaɓe shi, ga tsohon matashina na fata. A jikin sanda ga ɗan takalmin Mairama ja, ƙafa ɗaya, wanda na naɗe ban duba ba, an mayar da shi inda yake.

Na zagaya na zauna a arewa.

A waje raƙumi na ta gunaguni.

Na ce, "An ce ni ne mai tarewa, Raishatu. Ban tare ba."

Ba ta dube ni ba. Ta ce, "Wa ya ce maka sauro daga arewa yake zuwa?"

Wani abu ya taso min, ban san ko dariya ba ce ko kuka, duka biyun suka fito.

Ta ce, "Wanda ya ba mu ita shi ya karɓa, bai tambayi gabas ko arewa ba. Ni ban ce ka tare kome ba, Baban Mairama. Wurinka kawai na ce kada ka bari."

Rissa ya buga sanda daga waje. "Ku mutanen ciki! A ɗora ko a bari?"

Ta share fuska da gefen mayafi. Ta ce, "Manzo ya zuba siminti?"

Na ce a'a.

"Ramukan na nan?"

Na ce suna nan, sai dai ruwa ya cika su.

"To tashi. Ni zan kwance ɗakina, ba magini ba. Kai riƙe min sanda."

Na riƙe. Tsohuwa ba ta yi min magana ba har suka tashi, amma ta aiko Rissa da akuya ɗaya mai nono, ta ce ta ƴarta ce, ba ta baƙo ba.

Juma'a, da hantsi

Sanduna sun koma ramukansu, ko ɗaya bai ƙi ba. Manzo ya zo ya tsaya yana kallo, ya ce shi dai a rayuwarsa bai taɓa ganin an gina ɗakin siminti don akuya da buhunan iri ba. Yagana ta leƙo ta ce ashe gara ba ta ci ba.

Na kawo gidan sauro daga biro, Raishatu ta ɗaura shi da kanta.

Jiya an sake ruwa. Na kwana a arewa. Ya yi yoyo kaɗan ta wajena. Ban matsa ba.